Wace Tocila Zan Riƙa Sakawa a Aljihu? Amsar Tambayoyin da Ake Kawo Mini a Kasuwar Gadarif

Sana'ata gyaran waya ce da haɗa ƙananan kayan sola, amma tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, maganar tocila ta kusa danne maganar waya a bakin teburina. Kahraba, wato wutar lantarki, dama can ba ta wadace mu ba. Madatsar Marawi da aka buɗe a 2009, mai megawat 1,250, ita ke ɗauke da babban kaso na wutar ƙasar nan, kuma da jirage marasa matuƙi suka kai mata hari a farkon 2025, garuruwa da dama sun yi kwanaki cikin duhu. Mutanenmu na Mai Wurno da Sinnar da Kassala, da waɗanda suka baro Wad Madani suka sauka wurinmu, kusan tambayoyi iri ɗaya suke yi. Na tattara su a nan yadda aka yi mini su.

Yaya, ai wayata tana da fitila. Me zai sa in ƙara wa aljihuna kaya?

Fitilar waya don ɗaukar hoto aka yi ta. A yawancin wayoyi ba ta wuce lumen 50, kuma haskenta bazuwa yake yi, taku shida ko bakwai ya narke. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. A yau wayarka ita ce lalitarka, tunda da Bankak, manhajar banki ta waya, ake ciniki, kuma ita ce hanyar da kake jin halin da 'yan uwa suke ciki. Duk cajin da ka ƙona wajen haska hanyar bayan gida, daga can ka zare shi. Ga kuma damina: ƙasar Gadarif baƙar laka ce mai santsi, kuma Allah kaɗai ya san gilashin waya nawa na canja wa mutanen da suka zame suna haska hanya da ita.

Malam, lumen nawa zai ishe ni?

Lumen shi ne mudun da ake auna jimlar hasken da ke fita daga bakin tocila. Mai saye yakan zo da lambar dubu a bakinsa, ni kuwa in na ɗauki kwali, lamba mafi ƙanƙanta nake fara nema, domin ita ce za ka rayu da ita.

Lumen 1 ko ƙasa da haka, matakin da maƙera tocila suke kira hasken farin wata, shi ne na duba yaro mai zazzaɓi da tsakar dare ba tare da ka tayar da ɗakin ba, da neman buta kafin asuba. Daga lumen 10 zuwa 30 ka ci tuwo, ka yi alwala, ka karanta takardar magani. Lumen 100 zuwa 150 ya kai ka masallaci ya dawo da kai, kana ganin rami kana ganin kwata. Idan awaki suka firgita a bayan gida kana son ganin abin da ya shigo, nan ne 400 zuwa 500 zai yi maka rana. Abin da ya haura wannan yana da daɗin kallo, amma a wata guda da wuya ka bukace shi na minti biyar.

Kuma ido ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. Sai an ninka haske sau huɗu kafin ido ya ga kamar ya ninka sau biyu. Don haka mai lumen 800 da mai 1,000, in aka kunna maka su a jere, da ƙyar ka rarrabe. Amma tocilar da matakinta na ƙasa lumen 1 ne da wadda na ƙasanta 50 ne, tazararsu ita ce tazarar batirin da zai yi maka kwanaki da wanda zai mutu kafin gobe da daddare. Kada ka sayi tocilar da ba ta san yin ƙasa-ƙasa ba.

Na ga wata a kasuwa an rubuta lumen 100,000, kuma da araha. Gaskiya ne?

A'a. Yi lissafin da kanka. Ƙwan LED mai kyau, a cikin tocila ta gaske, yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya na wuta. Lumen 100,000 ke nan yana neman wajen wat 700, kusan abin da ƙaramin dutsen guga yake ja. Batirin litiyam na 18650 mafi kyau kuwa duk abin da ke cikinsa bai wuce ya ba da wat 12 na awa ɗaya ba. Ko da zai iya amayo wutar a lokaci guda, minti ɗaya zai yi ya ƙare. Akwai tocilolin da suka kai wannan lamba da gaske, amma da fanka a cikinsu, da tarin batura, nauyinsu ya kusa kilo biyu. Ba kayan aljihu ba ne, kuma ba a sayar da su a kan tire.

To wacce lamba zan yarda da ita a jikin kwali?

Nemi alamar ANSI FL1. Ƙa'ida ce da aka fitar a Amurka a 2009 don kowa ya riƙa awo da mudu ɗaya. Sai dai ka san yadda ake awon. Ana ɗaukar lambar lumen ne tsakanin daƙiƙa 30 zuwa minti biyu bayan kunnawa, lokacin da batir yake cike, tocila kuma da sanyinta. Tsawon lokacin aiki kuma ana ci gaba da ƙirga shi har sai haske ya sauko kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Wato in an rubuta lumen 1,000 na awa biyu, ba a ce maka za ka sami dubun nan har awa biyu ba.

Abin da nake gani ke nan. Tawa takan fara da ƙarfi, bayan minti biyu ta dusashe. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Matakin turbo, wato na ƙurewar haske, zafi yake tarawa, ƙaramin jiki kuma ba shi da inda zai zubar da shi, sai tocilar ta rage wa kanta wuta don kada ƙwan ya ƙone. A sanyin Turai ma haka take yi, balle a darenmu na watan Afrilu da bango ke huci har asuba. Tambayar da ta dace ita ce: wane haske take iya riƙewa ba tare da ta sauka ba? Ga tocilar aljihu mai batir 18650 ɗaya, 'yan ɗaruruwan lumen ne. Kamfanonin kirki sukan zana wannan a takardar da ke cikin kwali.

Mai dogon zango zan saya ko mai faɗin haske?

Zango ba lumen ke kawo shi ba, kandela ce, wato yadda aka tattara hasken wuri guda. Kandela 2,500 tana ba da mita 100 a rubuce, 10,000 mita 200, 40,000 mita 400. Amma a ƙarshen wannan nisa hasken da ya rage bai fi na cikakken wata ba, don haka raba lambar biyu ka sami inda za ka iya gane mutum daga kututture.

Mai gadin gona a filayen dawa da riɗi, ko mai jirgin ruwa a Mai Wurno da ke neman gaɓa da daddare, zango yake bukata. Mai zama cikin gari faɗi ya fi masa, domin siririn haske mai kaifi in ka haska shi a ɗaki ko cikin injin raksha, wato babur mai ƙafa uku, tabo ɗaya fari zai kashe maka ido, gefe kuma duhu. Masu kan da ake ja gaba da baya don tsuke haske ba na son su. In ka tsuke, haske mai yawa yana maƙalewa a ciki, kuma duk jan da ka yi, iska da ƙura take zuƙa.

Kawu, batir fa? AA ko 18650?

Nan ne zaɓin yake. Tocila batirinta ce. Sauran duk ado ne a kansa.

Sunan 18650 girmansa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Litiyam ne mai bolt 3.6 ko 3.7, in ya cika ya kai 4.2, kuma na ƙwarai yana ɗaukar mAh 3,000 zuwa 3,500, mAh kuwa shi ne mudun yawan wutar da batir ke riƙewa. Batirin AA mai caji, irin Eneloop na Panasonic, bolt 1.2 ne da mAh kusan 2,000. In ka buga lissafi, 18650 ɗaya yana ɗauke da wutar AA wajen biyar. A lumen 100 zai yi maka awa goma ko fiye. Akwai yayansa 21700 mai mAh kusan 5,000, amma tocilarsa ta fara yin nauyi a aljihun jallabiya.

To me ya sa har yanzu nake ce wa mutane da yawa su ɗauki mai AA? Saboda abin da idona ya gani. Waɗanda suka iso mana daga jihar Jazira bayan kwanaki a hanya, masu tocilar caji duk tasu ta mutu tun a kwana na biyu, ba soket ba sola. Wani dattijo kuwa da 'yar tocilarsa mai AA guda, a kowane ƙauye suka yada zango sai ya sami batirin rediyo a kanti, ita ce ta haska wa ayarinsu har suka sauka. Batirin AA babu ƙauyen da bai kai ba.

Don haka ga yadda nake rabawa. In kana da sola a gida ko wurin caji tabbatacce, kuma kana aiki da tocila kowane dare, ɗauki 18650. In matafiyi ne kai, ko zamanka ba tabbas, ɗauki mai AA. Akwai kuma masu cin tudu biyu, waɗanda ke karɓar AA su kuma karɓi 14500, wato litiyam mai girman AA. Irin su nake sakawa a aljihuna. Sai dai a kula: 14500 bolt 3.7 ne. In ka zura shi a tocilar da AA kaɗai aka yi ta dominsa, yana iya ƙone ta nan take. Karanta jikinta tukuna.

Abu na ƙarshe a kan AA: batirin kanti na alkalin, in ya daɗe a ciki, musamman a zafi, yakan yi yoyon wani farin gishiri da ke cinye ƙarfe har ya liƙe a bututun. In za ka ajiye tocila fiye da wata guda, zare shi.

Yaya zan gane 18650 na jabu?

Da rubutu da sikeli. Duk wanda aka rubuta wa mAh 5,000 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta, domin wannan girma bai kai ga haka ba. Na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 48. Na taɓa karɓar kwali guda daga hannun wani dillali, masu jar riga da rubutu mai ƙyalli. Da na ɗora ɗaya a sikelin da nake auna ƙananan kaya, giram 26 ya nuna. Na gwada shi a na'urar awo, ko mAh 600 bai cika ba. Na mayar da kwalin, amma biyu sun riga sun tafi hannun mutane, sai da na bi su gida na karɓo. Masu ƙera na gaske sanannu ne: Samsung, LG, Panasonic, Murata da Molicel, kuma rigar batirinsu ba ta da ado, lamba ce kawai a jiki.

Wanda aka ciro daga tsohuwar laftof fa?

Ana amfani da shi, ni ma ina yi, amma da sharaɗi. A auna shi da mita. In ya sauka ƙasa da bolt 2.5 a rabu da shi. In ya yi zafi a caji, a rabu da shi. In rigarsa ta yage, kada ya shiga tocila sai an sake masa wata, saboda duk gangar jikinsa waya ce ta wuta, yagewa kaɗan kusa da kai ta isa ta haɗa gobara. Kuma ba a jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli ko sulalla. A sa shi a ɗan akwatin roba.

Mai caji a jikinta ta fi, ko wadda ake ciro batir?

Wadda ta haɗa biyun: ramin USB-C a jiki, batir kuma mai fita. Ka caja ta da wayar cajin wayarka daga sola ko fawabank, ranar da batir ya tsufa ka canja shi. Wadda aka rufe batirinta ruf, ranar da ya mutu ita ma ta bi shi. Wasu, kamar yawancin na Olight, da wayar maganaɗisu ta kansu ake caja su. Tsarin yana da sauƙi kuma ba ramin da ƙura za ta shiga, amma in wayar ta ɓace, ba za ka sami irinta a kasuwar Gadarif ba. Wani abu kuma: akwai masu araha da ba sa karɓar caji in wayar USB-C ce kai da gindi, sai mai babban kai irin na da. Kafin ka ce ta lalace, canja waya.

Farin haske tas ko mai ɗan ja?

Ana rubuta wannan da lamba da harafin K. Mai 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, a kanti shi ya fi ɗaukar ido. Mai 4000K zuwa 5000K ya fi kama da hasken hantsi. A cikin habub, wato guguwar ƙura, ko hayaƙi, mai shuɗin nan dawo maka yake yi a fuska, kuma da damina ƙwari sun fi yi masa rubdugu. Akwai kuma CRI, awon yadda haske ke nuna launi na gaskiya. Gama-garin tocila 70 ne, masu kyau 90 zuwa sama, kamar ƙwan Nichia 519A. A aikina shi ke raba mini jar waya da ruwan ƙasa. Wata ungozoma da nake yi wa gyara ta ce da irinsa take gane launin jini da na fatar jariri idan haihuwa ta zo cikin dare. A gona kuma maciji mai launin ƙasa ya fi fita a ƙarƙashinsa.

Da gaske akwai tocilar da ke nuna kunama?

Akwai. Fatar kunama tana ƙyalli idan hasken UV, wani haske na musamman da ido ba ya gani sosai, ya taɓa ta, mai lamba 365 ko 395. Na fara gani da idona a bukkar gona lokacin yankan riɗi. Mun haska ƙasa da farar tocila ba mu ga komai ba, sai tsagar ƙasa da kara. Da aka kunna mai UV, sai ga ta a jikin ƙafar angarib, wato gadonmu na igiya, kore shar mai shuɗi kamar an shafa mata fenti, ƙari a ɗage, tazarar ɗani ɗaya daga inda ɗan maigonar ya saki hannunsa yana barci. Tun daga ranar, duk mai yara da ke kwana a tsakar gida nake ce masa ya nemi ƙarama ya ajiye, ya zagaya gado da takalma kafin a kwanta. Ba ta maye gurbin farar tocila, domin maciji ba ya ƙyalli da ita. Kada a haska ta a ido, kada a bar wa yara. In kuma kunama ta harbi yaro, asibiti za a nufa ba jira.

Mene ne IPX7 da IP68?

Lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IPX4 tana jure yayyafi, IPX7 tana jure nutsewa mita ɗaya na minti 30. Harafin X yana nufin ba a gwada ta da ƙura ba. A ƙasarmu lambar 6 ta farkon nan, wato ƙura ba ta shiga sam, ta fi mini ta ruwan muhimmanci. Zoben robar da ke bakin murfi shi ne mai gadin. In ya bushe a shafa masa man silikon kaɗan.

Zafin nan namu ba ya cutar da ita?

Yana cutar da batir. Litiyam ba a so a caja shi in zafi ya haura digiri 45, kuma mota da aka rufe a rana tana wuce haka nesa. Kada ka bar tocila a gaban mota, kada ka shanya ta kusa da faifan sola tana caji. Ja wayar zuwa inuwar rakuba, wato rumfa.

Tawa ta kunna kanta a aljihu har ta ƙona mini riga.

Yana faruwa, musamman ga masu makunni a gefe. Tocila mai lumen dubu a rufe cikin yadi tana iya huda shi. Murɗa murfin gindi baya kaɗan, kamar rubu'in zagaye; a yawancin masu jikin alminiyam wannan yana yanke wutar gaba ɗaya. Yana kuma hana ɗan tsotson da makunnin gefe ke yi wa batir ko tocila tana kashe.

Akwai matsala in na bi da ita ta shingen bincike?

Shawarata a wannan lokaci: ka nisanci duk wadda ta yi kama da kayan soja. Baƙa doguwa mai haƙora a baki, mai walƙiya, ko mai jan ɗigon leza, tana jawo tambayar da ba ka bukata. Ƙarama mai launi, wadda kowa ya gani ya san ta neman hanya ce, ta fi kwanciyar hankali. In ka doshi shinge da dare, sauke hasken ƙasa ko ka kashe, kada ka kuskura ka haska fuskar kowa.

Zan tafi Umara ta Fot Sudan. Za a bar ni da ita a jirgi?

Za a bari. Batirin litiyam na ajiya a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan awo ba, a rufe bakinsa da tef ko a sa shi a akwatinsa. Iyakar da aka sa wat-awa 100 ce, 18650 kuwa 12 ne.

To faɗa mini suna kawai, wacce zan saya?

Abin da ke shigowa kasuwa yana canjawa, mafi yawa sai an yi saƙo ta hannun 'yan uwa a Jidda ko Alƙahira. Fenix da Nitecore sun daɗe a harkar, da tsada amma da ƙarko. Sofirn, Wurkkos da Convoy sun fi sauƙin kuɗi. Convoy S2+ ma ana zaɓar mata launin ƙwai, sai dai ba ta da ramin caji, sai ka nemi caja daban. A masu AA da 14500 akwai Lumintop Tool AA. In sunan da ke gabanka baƙo ne, buɗe ta a gaban mai kanti. Duba zoben roba. Murɗa murfi ka ji ko yana tafiya sumul. Sa ta a matakin ƙasa ka kaɗa yatsu a gabanta da sauri. In ka ga yatsun suna rarrabuwa kamar hoto-hoto, hasken yana ƙyaftawa, zai sa maka ciwon kai a karatu. Sannan kashe ka kunna, ka ga ko sai ka ratsa ta walƙiya kafin ka dawo ƙaramin haske. In haka ne, ajiye musu.

Hajiyarmu ta tsufa, idonta ya yi rauni. Wacce ta dace da ita?

Ba irin taka ba. Nemo mata mai makunni ɗaya babba, danna ta kama, danna ta mutu, mataki ɗaya ko biyu, ba turbo ba walƙiya. Mai AA, don kada a bar ta da litiyam da caji. Launin jikin ya zama rawaya ko ja, yadda za a gan ta in ta faɗi a tsakar gida. Ta mahaifiyata na zura mata igiya na ɗaure a ƙafar angarib ta wajen kai, tsawon igiyar ya kai ta har bakin ƙofa, kuma kowace Juma'a in na je gaishe ta nakan zare batirin in sa mata wanda na cajo.